Hannun Auta a Waya

Litinin, 6 ga Oktoba

Auta, 'yata, ta kira da la'asar, karo na farko tun da ta tafi aikin gidan burodi a wani gari. Ita kurma ce, da hannu take magana, sai ga bidiyon ya yi dishi-dishi, yatsunta na tafiya suna barin inuwa a baya kamar tana cikin ruwa. Mamanta ta yi ta tsaki. Ni dai na zauna a bakin keken ɗinki ina kallo.

Alhamis, 9 ga Oktoba

Na tambayi maƙwabcina mai gyaran waya. Ya ce wallahi da gangan ne, kamfanin layin nan da ya hango bidiyo sai ya matse masa wuya, saƙo da murya kuwa ya bar su su wuce. Na ce to murya me za ta yi mana?

Ya ci gaba da hura wayar da ke hannunsa.

Asabar, 11 ga Oktoba

Ofishin kamfanin. Sanyi kamar cikin randa, kujeru ja, wata yarinya mai murmushin dole. «Baba, ba ma rage wa kowa gudu, cunkoso ne.» Cunkoson da ya san bidiyo ya bar sauran? Ta maimaita maganarta tiryan-tiryan. Na fito ban san wa zan yarda da shi ba.

Talata, 14 ga Oktoba

Mamanta ta je duba yayarta, Auta ta kira, ni kaɗai a shago. Tun tana ƙarama hannunta ya fi idona sauri, mamanta ce ke juya min maganar, ni nawa gyaɗa kai ne.

Amma da ta ga hoton na narkewa sai ta sassauta. Alama ɗaya, ta jira. Wata, ta jira. Burodi. Zafi. Yatsa ya ƙone. Ta nuna min shi, ta hura, ta yi dariya.

Na gane duka! Ni, ba tare da kowa a tsakani ba. Bayan ta kashe na daɗe zaune da rigar wani a cinyata, har hasken ƙofa ya tashi daga kan almakashi ya hau bango.

Laraba, 15 ga Oktoba

Na yi mafarki tana auna ni da tef, a hankali, tana rubuta awon a iska.

Lahadi, 19 ga Oktoba

Yanzu kullum da la'asar. Na fara sanin ɗakinta: labule shuɗi, takalma biyu a bakin ƙofa, wata tukunyar fure da ba ta yi fure ba. Hoton kan tsaya cak, hannunta a sama, sai in samu sukunin duba fuskarta da kyau. Ashe tana da ɗan tabo a haɓa. Yaushe?

Ta ce tana kewar ƙarar kekena. Na zaci ban gane ba ne. Ta dafa ƙasa, ta girgiza tafin hannu. A ƙafa take jinsa, tun tana rarrafe a ƙarƙashin tebur. Idona ya ciko, na ɗora wa zare laifi.

Laraba, 22 ga Oktoba

Mamanta ta gaji. Ta sayo layin wani kamfani, maƙwabci ya saka mana. Hoto tar, har gashin girarta ana gani.

Hannun Auta ya koma gudu kamar da. Su biyu suna ta hira suna ƙyalƙyala dariya, ni ina gefe. «Wai ta ce a gaishe ka.» Na ce ina amsawa.

Alhamis, 23 ga Oktoba

Na ɓata wuyan riga har sau biyu. Haushi nake ji, ban san na wa ba.

Asabar, 25 ga Oktoba

Tsohon layin yana cikin gwangwanin maɓallai, ban yar ba. Da mamanta ta shiga wanka na mayar da shi cikin wayar da bakin allura. Mutum da furfurarsa!

Da ta fito ta ga hoton ya koma gidan jiya, ta zagi kamfani ta uwa ta uba. Na taya ta kaɗan.

Litinin, 27 ga Oktoba

Matar nan ba ta da dama. Ashe ta duba gwangwanin. Ta mayar da sabon layi, ta ajiye min wayar a kan keke ta fita abinta. Ina jin ta riga ta kai wa Auta rahoto.

Auta ta kira. Hoto tar. Ta dube ni tana cije leɓe don kar dariya ta ƙwace mata, sannan ta ɗaga hannu, alama ɗaya bayan ɗaya: Baba. Ba sai ka ɓata waya ba. Ka ce min in rage gudu.

Kunya ta rufe ni. Na ɗaga hannuna na yi alamar «a hankali». Ta girgiza kai, wai ba haka ake yi ba. Ta nuna min, na yi, ta sake gyara min babban yatsa, na sake yi.

Mai wando ya zo karɓa ya tarar da ni hannu a sama. Na ce ya dawo gobe.