Abin da Na Ɓoye wa Fusena Kafin Mu Tashi

Levenshulme, Manchester
6 ga Afrilu

Zuwa ga Yayata Hajiya Latifa,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina miƙo gaisuwar girmamawa, da addu'ar Allah Ya sa wannan takarda ta iske ki lafiya, ke da duk mutanen gida a Aboabo. Na ji ciwon gwiwarki ya sake tashi, Allah Ya kawo sauƙi, Ya sa kaffara ne. Mu ma nan mun gode Allah. Mai ɗakina Zainabu ta koma shagon ɗinkinta, ɗanmu Usama yana shekarar ƙarshe a jami'a. Ni kuma jiki na ta warwarewa, har ina takawa zuwa masallaci, sai dai ba a ba ni izinin komawa tuƙin bas ba tukuna.

Yaya, na zaɓi rubutu ne domin duk sanda na ɗauki waya sai bakina ya yi nauyi. Labari ya iso mini cewa a Kumasi ana ta faɗin jirgin 'yata Fusena ne ya kusa kashe ni, har wasu na cewa abin da ake gudu ke nan tun ranar da ɗiya mace ta kama tuƙin jirgin sama. Ba haka aka yi ba, kuma ni kaɗai zan iya gyara maganar.

Kin san shekara biyar ke nan da ta karɓi lasin ɗinta, kin kuma san yadda na yi ta faɗa da abin. Ita da wasu mutum biyar suka haɗa hannu suka sayi ɗan ƙaramin jirgi mai kujera huɗu da farfela ɗaya a hanci, suna ajiye shi a wani fili a bayan Birmingham. Ba ta taɓa fasa gayyatata ba, ni kuma ban taɓa amsawa ba. Bana ta ce za ta je duwatsun Faransa a watan Fabrairu, inda ake wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara, ita da ƙawarta Hannah, 'yar mutanen Jos da suka yi karatu tare. Sai na ce zan bi su. Nan take ta fashe da kuka a waya.

Abin da ba ta sani ba, wanda ko Zainabu ban gaya wa ba, shi ne tun Disamba GP, wato likitanmu na unguwa, ya tura ni asibiti, aka ce wata jijiyar zuciyata ta tsuke. Suka ba ni maganin fesawa ƙarƙashin harshe, suka sa mini ranar aikin tiyata. Tsoron aikin ne ya sa na ce zan bi ta, don ina ganin idan ban shiga jirgin nan yanzu ba, wataƙila ba zan taɓa shiga ba.

Ranar tafiya na sauka a gidanta na unguwar Balsall Heath a Birmingham, muka wuce fili. Yarinyar nan ba ta wasa da aikinta. Ta auna kowace jaka, ta auna mu, ta zagaya jirgin tana shafa fukafukai ko akwai ƙanƙara. Sannan ta tsaya a gabana ta tambaye ni ko akwai wani ciwo ko magani da ya kamata ta sani, domin can sama iska ba ta da ƙarfi, zuciya tana wahala. Na dubi idonta na ce babu. Maganin kuwa na riga na cusa shi cikin safa a ƙasan jakata, jakar kuma tana bayan kujerun baya.

Ranar farko lafiya lau. Muka haye teku, muka sauka aka duba fasfo aka sha mai, muka kwana a wani gari. Washegari da hantsi muka nufi duwatsu, ina zaune a gaba a damanta. Yaya, ban taɓa ganin halitta irin wannan ba, fari fat har iyakar gani. Muka shiga wani kwari, dutse hagu dutse dama, muna ta hawa har ƙafa dubu goma sha ɗaya. A nan na ji kamar an ɗora mini buhun siminti a ƙirji. Na yi shiru ina fatan zai wuce. Ciwon ya gangara hannuna na hagu, gumi ya jiƙe ni cikin wannan sanyi. Hannah ce ta leƙo daga baya ta ce wa Fusena ta dubi leɓuna.

Ta dube ni sau ɗaya tak, ta tambayi mene ne. A nan na faɗi gaskiya, na faɗi inda maganin yake. Ta umarci Hannah ta kwance ɗamararta ta haura ta nemo, ita kuma ta kira masu kula da jirage ta rediyo ta ce tana da marar lafiya, da murya irin ta mai karanta labarai. Matsalar ita ce kwarin ya yi ƙunci, ba wurin juyawa, ga gajimare yana saukowa a gabanmu, iska kuma tana jijjiga mu. Dole ta ci gaba da kutsawa har inda kwarin ya ɗan buɗe. Jakata ce ta ƙasa, Hannah tana ta jido kaya, nauyinta ya koma baya, hancin jirgin yana ɗagawa, Fusena tana danne shi. Cikin zafin ciwo ban san lokacin da na damƙi sitiyarin da ke gabana ba, wanda a haɗe yake da nata. Jirgin ya karkata, na ga dutse ya cika tagar. Sai na ji ta kira sunana, Dramani, ba Baba ba, ta ce in saki. Na saki.

Hannah ta samo maganin ta fesa mini. Da kwarin ya buɗe, Fusena ta kwantar da jirgin a gefe ta juya, muka yi ta gangarowa. An ce mini minti ashirin da biyu ne zuwa filin da ke gindin duwatsun, inda motar asibiti take jira. Tayoyin sun taɓa ƙasa ban ko ji ba. A ranar aka sa mini ɗan bututu a jijiyar, na yi kwana tara a kwance.

Duk kwanakin nan ba ta matsa daga gefena ba, amma ba ta yi mini maganar da ta wuce ta abinci da magani. Sai a jirgin ƙasa, muna hanyar dawowa, ta ce da na faɗa mata gaskiya ba za ta hana ni ba, za ta jira a gama aikin ta zaga da ni ƙasa-ƙasa a kan Birmingham. Ta ce ran mutum uku ta ɗauka bisa maganata, kuma da abin ya ɓaci, ita za a ce ta kashe ubanta da 'yar mutane.

Yau mako bakwai ke nan ba ta taka filin jirgin ba. Hannah ta gaya wa Zainabu wai tana neman wanda zai sayi rabonta. Duk Asabar tana zuwa Manchester ta duba magungunana ta koma, idan na tayar da zancen jirgi sai ta tashi ta shiga kicin.

Don haka roƙona biyu ne, Yaya. Ki kira ta, domin ke ce wadda take jin maganarki tun tana ƙarama. Kada ki nema mini gafara, wannan tsakanina da ita ne, zan yi da bakina ko sau nawa ne. Ki dai gaya mata kada ta bar abin da ta iya saboda ƙaryar da ba ita ta yi ba. Na biyu, ki tara mutanen gida a karanta musu wannan takarda daga farko har ƙarshe, kada a tsallake inda na ji kunya.

Ki gaishe mini da Malam Sadique da iyalinsa, da Ubaida da yara, da Nadia da mai gidanta. Zainabu da Usama suna gaishe ki. Allah Ya ƙara miki lafiya da nisan kwana.

Ƙaninki,
Dramani