Tsohuwar da Ta Koya Min Sunan Ciwonta

Zuwa ga Yayata,

Gaisuwa mai yawa. Ya ƙafar Inna, ya yara? Ni lafiya lau, karatun jinya yana tafiya, Faransancin ne dai har yanzu yake ɗan ba ni wuya.

Ran Talata a asibiti, likita ta sa ni karanta takardar wata tsohuwa a gefen gadonta, a gaban ɗalibai. Ciwonta thrombophlébite, wato jini ya daskare mata a jijiyar ƙafa. Na buɗe baki na ce "turombofilebiti". Ɗaliban suka sunkuyar da kai suna danne dariya. Sai tsohuwar ta kamo hannuna, tana lanƙwasa min yatsu ɗaya bayan ɗaya: "Trom, bo, fle, bit. Gaɓa huɗu ce kawai, 'yata." Ashe tsohuwar malamar makaranta ce.

Yaya, kwana uku ina kauce wa ɗakinta don kunya. Jiya da bakina ya saba da kalmar, na je in faɗa mata, na tarar an sallame ta. Ko na gode ban ce mata ba.

Don Allah kada Baba ya ji. Ku sa ta a addu'a, ni ma ku sa ni.

Taki,
ƙanwarki.