Motar da Na Hana Zuwa Tibiri

Daren Talata, Dogon Dutsi

Yau motar nan ta ba ni kunya. Ina dab da ofis wata 'yar fitila ta kama a gaban sitiyari, ƙarfinta ya mutu, har amalanken jaki ya wuce ni.

Illo makanike ya leƙa ƙarƙashinta ya ce, "Malam, daga gida sai wurin aiki kake kai ta?"

Na ce e, lallaɓa ta nake yi.

Ya ce, "Lallaɓawar ce ta cuce ta. Motar gazuwal, wato dizal, ta zamani ba ta son gajeriyar tafiya. Matatar hayaƙinta ta toshe, kuma sai inji ya yi zafi a doguwar hanya take ƙone dattin. Kowane mako ka kai ta Tibiri ka komo."

Tibiri! Shekara biyu Inna, uwar da ta haife ni, tana aiko mini daga can in zo, ina cewa hanya za ta lalata mota. Wai ni mai wayo, kullum gogewa da lulluɓewa. Da daminar bana Inna ta rasu.

Ran Asabar zan tafi, tunda ƙarfe ne ya kira ni. Ban san wa zan yi wa sallama ba.