Shiru a Garkar Baba

Yaya Umaru,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ya iyali, ya sanyin Jos? Mu nan Wurogauri lafiya lau.

Injin ban-ruwa mai sola da gwamnati ke raba wa manoman rani ya iso garkarmu, sai dai ba ya yin ƙara. Ka tuna injin marigayi Baba? Da ya yi shiru, Inna ta san lokacin kawo mana fura ya yi. Yanzu da idonta ya tafi, da ta ji shiru sai ta ɗauka mun yasar da garkar, har ta ƙi abinci. Na kai ta garkar a babur, na sa hannunta cikin ruwan da sabon injin ke fitarwa. Sai ta ce, "Na mahaifinku yakan yi sallama."

A sa mu a addu'a. Ka gaida Hajara da yara.

Ƙanenka,
Sani