Ƙofa Ɗaya Zuwa Kurfi

Daren Laraba, 9 ga Safar 1409, Dutsin-Ma

Astagfirullah, yau na yi wauta. Da aka kwantar da Yaya Sule a asibiti, sai na aika wa Inna a Kurfi ta baki uku: direba, Goggo ta Tamawa, da wata mai zuwa suna. La'asar ba ta yi ba labarin ya zago ya dawo mini wai ya rasu, alhali na baro shi yana shan kunu. Ban san wanne ya shiga kunnen Inna ba, ga ta da hawan jini.

Ɗana Habibu, da ya karanto kwamfuta a Ingila, ya ce, "Umma, injunanmu ma haka suke ruɗewa in saƙo ɗaya ya bi ƙofofi da yawa. Shi ya sa kowanne ke auna ƙofofinsa, ya riƙe wadda ta fi saurin kaiwa ga shugabansu, a toshe masu zagaye."

Na yi ta auna nawa. Babu wadda ta fi bakina kusa da Inna. Na ajiye mayafi bakin gado. Motar farko bayan asuba, in Allah ya kai mu.