Goron Mai Fito

Yaya Bawa, gaisuwa mai yawa. Ina lafiyarka, ina iyali, yaya zaman Ikko?

Ni da matata Hassana mun shirya yawon mako guda. Za mu hau lori zuwa Argungu, mu ƙetare gulbi, mu taka cikin fadama har Gulma, mu ga shinkafa ta nuna. Ranar kasuwar da ta wuce na leƙa Argungu, na kai wa mai fiton da zai ƙetare da mu goro, yadda aka saba. Ya ƙi karɓa. Wai wani dattijo mai ɗingishi, da jar dara a kansa, ya riga ya kawo, ya ce mu uku ne.

Yaya, da hannunka ka sa Baba a kabari.

Ka sa mu cikin addu'a. Gai da Inna, ka tambaye ta ko jar darar nan ta Baba tana cikin adakarta.

Ƙaninka, Umaru