Ku Sayar Mana da Manhajar Surfani, Ku Daina Ba Mu Haya

Zuwa ga Shugaban kamfanin da ke yin manhajar keken surfani na kwamfuta,

Assalamu alaikum, ranka ya daɗe. Ina fatan kana lafiya, kai da ma'aikatanka. Ni tela ne a Gusau, kuma ina rubuto maka cikin zumuɗi, don manhajarku ta yi mini abin da ban taɓa mafarki ba.

Mahaifina, Malam Isiyaku na Bungudu, shekara hamsin yana ɗinkin wuyan babbar riga da hannu, har idonsa ya mutu. Da manhajarku na kwafi zanensa daga tsofaffin riguna na zuba a kwamfuta. Ranar da keke ya fitar da zanen aska takwas irin nasa, na hau babur na kai masa. Ya bi zaren da yatsa, ya ce wannan aikinsa ne, sai dai an gaggauta. Wallahi har kuka na yi don murna. Aikin wata uku ya koma na yini guda, jama'a kuma sai tururuwa suke yi.

To, ga inda kuka ɓata mini rai:

1. Da na sayi keken, sau ɗaya na biya kuɗin manhaja. Bara kuka mayar da ita biyan wata-wata, ba sallama ba shawara.

2. Sana'armu lokaci gare ta: azumi, Sallah, da bukukuwan bayan kaka. Ruwa na sauka nake lulluɓe keke da zani in tafi gona a ƙauyen Ruwan Bore. Na ɗauka manhajar ma za ta kwanta ta jira ni kamar keken, sai na daina biya. Na yarda kuskurena ne.

3. Da na dawo, wani ango daga Tsafe ya kawo shadda, yana son wuya irin na Baba, saura kwana huɗu ɗaurin aure. Na kunna kwamfuta, na tarar zane ashirin da bakwai na mahaifina duk a kulle. Na nemi in biya, sabis ya ɗauke kwana uku. Ango ya kwashi shaddarsa ya kai wani wuri, ni kuwa na rasa inda zan sa fuskata.

Ranka ya daɗe, manhaja taku ce, ban musa ba. Amma zanen nan ba ku kuka ɓata ido a kansa ba.

Don haka ina roƙo ku dawo da sayarwa gaba ɗaya. Ku faɗi kuɗinta ko da tsada, zan sayar da masara in saya, kuma ƙofa-ƙofa zan bi telolin Gusau ina yi muku talla. Mai son haya ku bar masa. Ko an biya ko ba a biya ba, ku bar mutum ya buɗe aikinsa, ba sai da sabis ba.

Ku hanzarta don Allah. Baba ya haura tamanin, kuma akwai sauran zane a kansa da ya ce zai kwatanta mini da baki in zana. Kullum yana tambaya yaushe za mu fara, ni kuma ina ta kawo masa uzuri, don ba zan zuba su inda makulli ke hannun wani ba.

Allah ya buɗa kasuwarku, ya sa ku ji kukan masu sana'a.

Wassalam.

Bashiru Isiyaku, Gusau